Tambaya da Amsa: Yaya ƙaramin asibitin karkara zai kare ma'aikatansa a lokacin zazzaɓin Lassa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara a jihar Bauchi. Mu huɗu ne har da mai shara. Ba mu da famfo, a jarka ake kawo mana ruwa, safar hannu kuma ba ta kai mu ƙarshen wata. Da rani ya shigo sai gabanmu ya riƙa faɗuwa saboda zazzaɓin Lassa, ga shi kusan kowa da zazzaɓi yake zuwa mana. Ba mu da rigar nan mai rufe jiki duka. Da ɗan abin da ke hannunmu, me za mu yi mu kare kanmu da sauran marasa lafiya? Kuma yaya ake haɗa ruwan bilic? Kowa da yadda yake faɗa mana.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannunku da aiki. Fargabarku tana kan hanya, domin Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi yawa tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma daga Disamba zuwa wajen Afrilu ta fi tsananta. Amma kada rashin rigar nan ya karya muku gwiwa. Ma'aikacin lafiya ya fi kamuwa a hannun majinyacin da ba a zarga ba, wanda ake yi wa maganin maleriya ko taifod, aka sa masa ƙarin ruwa da hannu tsirara, aka goge amansa da tsumma. Da ma haka cutar ta fara bayyana. A 1969 wata nas da ke aiki a garin Lassa na jihar Borno ta kamu, aka kai ta Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Shekara guda bayan haka likitar da ta yanke a yatsa wajen binciken gawa ta rasu a Jos ɗin. Ƙwayar cutar tana cikin jini da fitsari da amai da bayan gida da ruwan haihuwa, kuma ta ido ko hanci ko baki ko wani rauni a fata take shiga. Duk dabarar ita ce kada waɗannan su taɓa ku, ko daga jikin wa suka fito.

A bakin ƙofa aikin yake farawa. Ku ajiye benci da tebur a inuwa a waje, mutum ɗaya ya riƙa tarbar masu zuwa, da tazarar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da su. Ma'aunin zargin Lassa da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta bayar shi ne zazzaɓin da ya yi kwana 3 zuwa 21, zafin jiki ya kai digiri 38 ko fiye, tare da ɗaya daga cikin waɗannan: amai, gudawa, ciwon maƙogwaro, ciwon jiki, kasala mai tsanani, ciwon ciki ko zubar jini. Zargi yana ƙaruwa idan an sha cikakken maganin maleriya kwana 2 zuwa 3 zazzaɓin bai sauka ba, ko wani a gidan ya yi irin ciwon cikin kwana 21 da suka wuce. Kada ku jira ganin jini. Kaɗan ne suke zubar da shi, kuma sai ciwon ya yi nisa. Haka nan gwajin maleriya da ya nuna akwai ta bai wanke mutum ba, ana samun mai ɗauke da su biyun.

Wanda kuka zarga, ku kai shi ɗaki na daban. In ɗaki ɗaya gare ku, ku ware kusurwa kusa da taga, ku sa labule, katifa mai leda, da fo da bokitin amai da ma'aunin zafi waɗanda shi kaɗai zai yi amfani da su. Ku shirya wurin tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai jinya ɗaya tak za a bari, a ba shi safar hannu, a nuna masa wankin hannu. 'Yan dubiya su tsaya waje, ko da za a ji haushinku. Nan take ku kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko lambar NCDC ta kyauta, 6232. Ɗibar jinin gwajin Lassa aikinsu ne. Kafin su iso, ku taƙaita huda jiki iyakar iyawa: kada a yi allurar tsoka, a ba da farasitamol da ruwan gishiri da sukari, a guji asfirin da ibuprofen da diclofenac saboda suna ƙara zubar jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Ku rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi, har da mai shara da ɗan acaɓan da ya kawo shi, don za a bi lafiyarsu kwana 21 ana auna zafin jikinsu safe da yamma.

Rashin famfo ba ya hana wankin hannu. Bokiti mai murfi da aka sa wa kan famfo a gindi, da roba a ƙasa mai tare ruwan datti, ya wadatar. Irinsa ne ake kira bokitin Veronica, wata ma'aikaciyar kimiyyar lafiya a Gana ta ƙirƙiro shi. Ɗaya a ƙofa, ɗaya a ɗakin haihuwa, ɗaya a kusurwar keɓewa. Abin da ba a so shi ne roba guda da kowa ke tsoma hannu a ciki, da tawul guda da ke rataye tun safe. A yarfe hannu a bar iska ta busar da shi. Wanki da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, sanitaiza mai sinadarin alkohol kashi 60 zuwa 80 kuma daƙiƙa 20 zuwa 30, a ci gaba da murzawa har ta bushe. Inda aka fi mantawa shi ne babban yatsa, da kan yatsu, da tsakankaninsu. Idan hannu ya ɓaci da jini ko amai, sanitaiza ba ta isa ba, sai ruwa da sabulu. Lokutan su ne kafin taɓa majinyaci, kafin aiki mai tsabta irin sa kanula (robar ƙarin ruwa a jijiya) ko wankin rauni, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa gadonsa da kayansa. Zobe da awarwaro da dogon farce su hutar da ku a wurin aiki.

Safar hannu tana ƙarewa ne yawanci saboda ana sa ta inda ba a buƙata. Auna hawan jini ko zafin jikin wanda ba a zarga ba, rubuta kati, miƙa magani, duk ba sa son safa. A adana ta don ɗibar jini, sa kanula, karɓar haihuwa, wankin rauni, kwasar amai, da duk wata mu'amala da wanda aka keɓe. Mafi munin ɗabi'a ita ce a sa guda tun safe a yini da ita, ana taɓa wannan a taɓa wancan a ɗauki waya. Ba a wanke ta a sake sawa, tana yin ƙananan hujin da ido ba ya gani. Mai shara kuwa a saya masa mai kauri ta roba da takalmin ruwa, su ana wanke su a maimaita.

Ga wanda aka keɓe, ko haihuwar mace mai zazzaɓi, ku haɗa safa biyu, riga mai dogon hannu, gaban leda a kanta, takunkumi, da tabarau ko garkuwar fuska. Ɗakin haihuwa ya fi ko'ina haɗari, saboda cutar tana tsananta a watannin ƙarshe na ciki, takan zo da ɓari ko zubar jini, ga ruwa na fantsama. Wajen cirewa ake yawan kamuwa, an gaji, ana gumi, ana sauri. A fara da safar waje, sai gaban leda da riga ana naɗe su ta ciki, sai tabarau da takunkumi ta igiyar baya ba tare da taɓa gabansu ba, safar ciki a ƙarshe, sannan wankin hannu. Abokiyar aiki ta tsaya tana kallo tana tuna miki, musamman kada hannu ya kai fuska.

Yanzu maganar bilic. Ƙarfi biyu kawai kuke buƙata. Mai ƙarfi, kashi 0.5 cikin ɗari, na jini da amai da bayan gida da gado da daɓe da takalmi ne. Mai sauƙi, kashi 0.05, na zanin gado da tufafi ne bayan an wanke su, da kurkure hannu in babu sabulu. Saɓanin da kuke ji ya samo asali ne daga bambancin kwalabe, don haka a karanta jikin kwalbar tukuna. Don haɗa mai ƙarfin, a raba ƙarfin da aka rubuta da 0.5, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne awon ruwa. Bilic mai kashi 3.5, irin Jik, awo 1 ne da ruwa awo 6. Mai kashi 5, awo 1 da ruwa awo 9. Kowane mazubi ya yi, gorar ruwa ko kofi, muddin da shi aka auna duka biyun. Idan garin kulorin (sinadarin da ke cikin bilic) mai kashi 65 zuwa 70 aka ba ku, giram 7 ne a lita ɗaya, wato kimanin babban cokali 10 a bokiti mai lita 20. A dama, a bari minti 30 ya kwanta, a tsiyaye na sama. Mai sauƙin kuma daga mai ƙarfin ake samo shi: awo 1 da ruwa awo 9.

Abubuwa uku ke lalata wannan haɗi. Rana da zafi suna cinye ƙarfinsa, shi ya sa ake haɗa sabo kowace safiya, a bokitin roba mai murfi, a inuwa, a rubuta ƙarfi da kwanan wata a jiki. Bokitin ƙarfe yana tsatsa. Na biyu datti: jini da ƙasa suna kashe kulorin kafin shi ya kashe ƙwayar cuta. Idan jini ko amai ya zuba, a rufe shi da tsumma ko takarda ta tsotse, a kwashe da safa a jefa cikin shara mai haɗari, a wanke wurin da omo, sannan a zuba mai ƙarfin a bar shi jiƙe aƙalla minti 10. Na uku gaggawa, a shafa a goge nan take, an yi asarar bilic ke nan. Kada a gauraya shi da ruwan wankin masai ko wani sinadari da nufin ƙara masa ƙarfi, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Kada kuma a fesa wa mutum a jiki, ko a zuba mai ƙarfin a fata.

Allura ba a mayar mata da murfi, yawancin sukar yatsa a nan ake samunta. Kwalin zubar da allura ya kasance inda hannu zai kai daga gadon, a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu. In kwali ya ƙare, jarka mai kauri da aka yi wa ƙaramin baki ta fi kwandon shara sau dubu. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ya matse, kada ya tsotsa, kada ya zuba bilic, ya kuma sanar a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, gwamma a awannin farko, a sha kwana 28. Ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin kama mutum ta wannan hanya nesa ba kusa ba, kuma yana da rigakafi: allura uku, ta farko, sai bayan wata 1, sai a wata na 6. Dukkanku huɗu ku yi, mai shara a gaba, tunda shi ke ɗaukar abin da kowa ya yar.

Almakashi da sauran ƙarafan haihuwa a wanke su da omo da buroshi a buɗe, a ɗauraye. In babu tukunyar turara kaya, a dafa su minti 20 cikin tukunya mai murfi, ruwa ya rufe su, a fara ƙirga daga lokacin da ya tafasa, kuma kada a ƙara wani ƙarfe a tsakiya. Mabiyiya da auduga mai jini su tafi rami mai zurfi da murfi wanda kare da yara ba za su kai ba.

In Allah ya yi wa wanda ake zargi rasuwa, gawar tana ɗauke da cutar sosai. Kada a miƙa ta a yi wanka a gida. A rufe ta, a jira jami'an da aka horar, su za su shirya ta a yi mata salla a binne. Wannan magana da wuya ta karɓu ranar makoki, don haka ku zauna da liman da mai unguwa tun kafin ta taso.

Ku ma ku sa ido a kanku. Duk wanda ya ji zazzaɓi cikin kwana 21 bayan ya kula da wanda ake zargi, kada ya sha maganin maleriya a ɓoye ya ci gaba da zuwa aiki. Ya kira jami'in sa ido a ranar, ya faɗi aikin da ya yi da ranar da ya yi shi. Maganin ribavirin da kulawar da ake bayarwa a cibiyoyin jinya sun fi amfani idan an fara su a kwanaki shida na farkon ciwon.