Iska Na Kaɗa Min Tirela a Hanyar Lethbridge

Tambaya: Malam, a Alberta ta Kanada nake zaune. Idan na jawo rufaffiyar tirela ɗauke da baburan da ake hawa a kan dusar ƙanƙara, iskar gefe sai ta riƙa wujijjiga ta. Mene ne mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, yankin Lethbridge, birnin da ke kudancin Alberta, dama ya yi suna wajen iska, ita kuwa rufaffiyar tirela bango ce mai taya. Tura baburan gaba, yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta zai sauka kan mahaɗar da ke bayan motarka. Rage gudu sosai. Da ta fara lilo, kada ka taka burkin mota. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa burkin tirelar kaɗai idan tana da shi. In babu kaya a ciki, abin ya fi muni. Ni dai fakawa zan yi.