Amsa ga yarona: me ya sa muke taka ƙasa alhali taswira na cikin kwamfuta?

Ɗana, ka ce mini, "Maigida, tun da ga hoton tauraron ɗan'adam da bayanan tudu da kwari kyauta a intanet, me ya kai mu yawo cikin rana da na'urar lebur da sandar awo?" To, saurara, domin aikinmu shi ne zana taswirar wuraren da ambaliya ke ci.

Bayanan da ka sauke na SRTM ne, wato awon tsayin ƙasa da aka yi da radar daga sararin samaniya, an ɗauke su tun shekarar 2000. Kowane ɗigo a cikinsu fili ne mai faɗin kusan mita 30, kuma kuskurensu wajen tsayi yakan kai mitoci. A ƙasar duwatsu ba laifi. Amma dubi Auyo da Ringim da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja, ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai. A nan rabin mita ne ke raba gidan da zai tsira da wanda zai kwanta. Shi ya sa muke farawa daga tabbatacciyar alama da aka san tsayinta, mu bi da lebur, na'urar auna bambancin tsayi, mu kuma dawo mu rufe awon a inda muka tashi. In bai rufe ba, wato tsayin bai dawo daidai da na farko ba, a sake.

Kuma ruwan yankin nan ba na sama kaɗai ba ne. Akwai wanda ke gangarowa daga madatsar Tiga da ta Challawa, ga ciyawar kachala da ta toshe hanyoyinsa na da, sai ya nemi sabuwa ta cikin gonaki da gidaje. Hoton fiye da shekara 20 da suka wuce bai san da wannan ba. Bai san an cike kududdufin bayan kasuwa an yanka fuloti a kai ba, bai san an ɗaga titi an sa masa ƙaramin kwalbati ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini rai, domin titi ne da aka yi don taimako ya koma tare ruwa a kan talakawa.

Don haka in ka shiga gari, fara gaida dagaci da mai unguwa, ka roƙi a haɗa ka da dattawa da masunta. Kada ka tsaya a "ruwa yana zuwa nan?" Ka ce su nuna maka da hannu inda ya tsaya a 2012 da 2022. Za ka ga zanen laka a jikin katangar makaranta, ko wurin da gindin ginin ƙasa ya zaizaye aka yi masa sabon yaɓe. Ɗora sandarka a nan, ka rubuta tsayin da shekarar. Lura da ƙasar ma: baƙar laka mai tsagewa da rani, da giyayya da gabaruwa a tsaye, shaidar fadama ce ko da ka tarar da ita a bushe ƙayau a watan Maris.

Kwamfutar tana da ranarta. Hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-1 yana ratsa gajimare, yana nuna shimfiɗar ruwa a Agusta da Satumba. Ka gwama shi da awonka.

Daga nan sai launi a kan taswira: ja inda ruwa ke kwana kusan kowace damina, a bar wa shinkafa da kiwo, rawaya inda sai babbar ambaliya, a yi gini da tubali mai tsawo da magudana, kore a kan jigawa, can asibiti da makaranta da maƙabarta. Za a zo a roƙe ka ka ɗan matsa jan layin saboda fulotin wani babba. Ka ce ba ka da iko, ka turo shi wurina.