Me Ya Sa Manja Ke Daskarewa Da Hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayo manja da man gyaɗa a kasuwar Rimi. Da sanyin nan ya kankama sai manjan ya yi guda-guda a ƙasan kwalba, man gyaɗan kuwa ko a jikinsa. Maƙwabciyata ta ce algus aka yi mini. Haka ne?
Maman Amira, Fagge.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Amira. Kwantar da hankalinki, kada ki koma ki kama mai manja da faɗa. Daskarewa halin manja ne tun daga kwakwarsa.

Duk man da muke ci, na dabba da na tsiro, gininsa ɗaya: sinadarin gilisarol riƙe da jela uku, kowace jela kuma jerin ƙwayoyin kabon ce. A siffar jelar aka bambanta. Wata miƙaƙƙiya ce sambal, don kowane kabon ya cika da haidurojin. Wata kuwa akwai gurbin da kabon biyu suka riƙe juna da ɗauri biyu, a nan take lanƙwashewa. Ki tuna karan dawa: miƙaƙƙu suna kwanciya jikin juna a ɗaure su dami tamau, karkatattu kuwa sai sun bar kafa a tsakani. To miƙaƙƙun jela su ke matsewa su daskare.

Ga abin da ya fi burge ni. Asid ɗin sitiyarik da na oleyik, wato iri biyu na waɗannan jelar, kowanne kabon 18 gare shi. Na farko miƙaƙƙe ne, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 69 a ma'aunin Salshiyas. Na biyu lanƙwasa ɗaya tak gare shi, amma a wajen digiri 14 ya riga ya zama ruwa.

Manja kusan rabinsa miƙaƙƙu ne, galibi asid ɗin falmitik mai kabon 16, shi ya sa kike ganin ƙasa a daskare, sama na ruwa. Man gyaɗa kuwa kusan kashi 80 cikin 100 masu lanƙwasa ne, sanyin asubar Janairu a Kano ba ya isarsa. Man shanu ya fi manja miƙaƙƙu, man kaɗanya ma sai kin murza shi a tafin hannu yake sakin jiki.

Inda nake so ki sa ido shi ne man gyaɗan. A wurin lanƙwasar nan iskar oksijin take cin mai, rana da wuta kuma suna ƙara mata sauri. Shi ya sa man da aka yi ta maimaita suyar ƙosai da shi yake baƙi, ya yi kauri, ya riƙa shaƙe maƙogwaro. Irin wannan ki zubar, kada ki ji asara. Sabon kuma ki rufe shi da kyau, nesa da taga da murhu.

Manjan naki, ki tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi har ya narke duka, ki girgiza kafin ki zuba a miya. In kina tsiyayar na sama kawai, ƙarshe daskararren zalla zai rage miki.