Tambaya da amsa: Bashin karatu na NELFUND, in karɓa ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Bolari ne a nan Gombe, na samu gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Kashere, babanmu ya yi ritaya kuma mu tara ne a gida. Ina so in cike bashin nan na ɗalibai amma baffana ya ce kar in kuskura, wai bashin gwamnati ba ya rasa ruwa, kuma ranar da na kasa biya kama ni za a yi. Sannan wani mai kafe ya ce in ba shi dubu biyar ya yi min hanya kuɗin su fito da wuri. Dan Allah a warware min.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun, ya ƙara wa baba lafiya. Ni a ofishin harkokin ɗalibai nake aiki a wata babbar makaranta a nan Bauchi, kuma tun da NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, ta buɗe shafinta na neman bashin ranar 24 ga Mayu 2024 ba na jin an yi sati guda ba a yi min irin tambayarka ba.

Mai kafe tukunna, don shi ne mai sauƙi. Kar ka ba shi ko sisi da sunan hanya, babu wata hanya a hannunsa. Neman bashin kyauta ne, a shafin nelf.gov.ng ake yi, da wayarka ma za ka iya. In ka biya shi ladan taɓa kwamfuta da data wannan daban.

Toh baffa kuma, ban ga laifinsa ba, dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, kuma akwai gaskiya a rabin maganarsa: bashi ne, ba kyauta ba ce, ba kuma rabon tallafi ba ne kamar yadda wasu yara suka ɗauka. Amma ruwa kam babu. Abin da aka ba ka shi za ka mayar, naira ɗaya ba ta hawa kai. In hankalinsa bai kwanta ba ka buga takardar sharuɗɗan ka kai wa malamin da ya yarda da shi ya karanta masa, ya fi ka tsaya kana musu da babba. Watakila ma dokar farko yake tunawa, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ita ce ta zo da tsauri, sai ka kawo mutum biyu masu tsaya maka, sai kuma abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira dubu 500 ba. An soke ta aka yi sabuwa a Afrilun 2024, aka cire waɗannan duka. Yanzu ba mai tsaya maka, kai ne da bashinka.

Maganar kamu, ba a fara neman ka da biya sai ka gama bautar ƙasa da shekara biyu. In kana aikin albashi wajen aikin ne za su riƙa cire kashi 10 cikin 100 suna turawa, in sana'arka kake yi kashi 10 na ribarka a wata. Wanda bai samu aiki ba kuma ba shi da abin shiga, doka ta ba shi damar ya yi takardar rantsuwa ya nemi a ɗaga masa ƙafa, wanda ya rasu kuma ana iya yafe masa. Abin da ke kai mutum gidan yari shi ne ƙarya a cikin bayanai. Sai dai ka lura, wajen cikewa akwai inda za ka danna ka amince da wani abu GSI, yara suna wucewa fuu ba sa karantawa, alhali izini ne ka bayar cewa in ka samu hali ka ƙi biya za a iya bin kuɗin a duk akawun da ke maƙale da BVN ɗinka.

Yanzu inda nake so ka nutsu. Bashin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wannan ba za ka gan shi da idonka ba, kai tsaye ake tura wa makarantar. Akwai kuma kuɗin kashewa, naira dubu 20 a wata da ke shigowa akawun ɗinka, kuma ba dole ba ne, kana iya neman na makarantar kaɗai. Na farkon ni dai ina cewa ka karɓa ba tare da fargaba ba, tunda babu ruwa kuma kowa ya san yadda naira ke zubewa, dubu 100 ta yau ba ita ce dubu 100 ta shekara bakwai masu zuwa ba, wanda aka bai wa bashi mara ruwa shi ke da riba a nan. Na biyun ne nake so ka ɗauki biro. Mu ɗauka wata goma aka biya ka a shekara, dubu 200 kenan, shekara huɗu dubu 800, ban da kuɗin makaranta fa. In ka fito ka samu aikin da ke biyan mafi ƙarancin albashi, dubu 70, za a riƙa cire dubu 7, wata 114 da ɗoriya kenan, wajen shekara tara da rabi kana biyan abin da ka ci a makaranta. In garin kwaki da kuɗin mota daga Gombe zuwa Kashere da handawut ya tafi, wallahi ya biya kuɗinsa, ba wanda ke karatu da yunwa. Amma na ga yaran da ranar da alat ya shigo ranar ake sayen sabon takalmi a cika waya da data, kafin goma ga wata an koma cin bashin mai shayi. Ku tara ne a gida, na san da wuya ka iya barin sa, to ka karɓa amma ka raba shi sati-sati tun ranar da ya shigo.

Abin da za ka tanada: lambar JAMB, NIN, BVN, takardar admishan, lambar da makaranta ta ba ka, akawun na banki mai sunanka, da imel naka na kanka. Kuma sai makaranta ta ɗora sunanka a shafin kafin ya gane ka, in ya ce bai san ka ba kar ka yi ta sake gwadawa har datarka ta ƙare, ka je ofishin harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta ka tambaya ko an ɗora na ajinku.

Babban abin da ke kayar da yaranmu na Arewa kuwa suna ne. A JAMB Muhammad, a NIN Mohammed, a banki Muh'd, ko a nan sunan baba ne a ƙarshe a can sunan kaka ko sunan gari, ranar haihuwa kuma wani ya rubuta maka 1 ga Janairu don kar a ɓata masa lokaci. Kwamfuta ba ta san duk kai ɗin ne ba. Yau ɗin nan ka shimfiɗa takardun uku a tabarma ka duba su harafi da harafi, in NIN ne da matsala ofishin NIMC, in BVN ne bankinka, kuma gyaran yana cin makonni shi ya sa ba a jira sai ana gab da rufewa.

Imel ɗin ma ba wasa ba ne. Wata yarinya ta zo ofishinmu bara da fayil ɗinta a ƙarƙashin hijabi, idonta ya yi ja, ashe yaron kafe ne ya yi mata rijista da imel ɗinsa da lambar wayarsa, shi kuma ya bar gari. Duk saƙon da aka turo can yake tafiya, ita ko fasuwod ɗin ba ta sani ba, muka yi ta rubuce-rubuce kafin a dawo mata da shafinta. In ma wani ne zai cike maka, ka zauna kusa da shi, ka shigar da fasuwod da hannunka.

Wani lokaci rijistar makaranta takan zo rufewa kuɗin ba su iso ba, sai gida a yi kame-kame a biya. In haka ta faru ka adana rasit ɗin kamar takardar gida, ka ɗauki hotonsa a waya, domin idan NELFUND ta biya daga baya haƙƙinka ne makaranta ta mayar maka da naka, ofishin bosa, mai kula da kuɗin makarantar, za ka rubuta wa, kuma ka bibiya, tunda bashin dai ya riga ya hau kanka. Sannan ba sau ɗaya ake nema a huta ba, kowace shekarar karatu sai ka sake.

Kar kuma ka manta da hukumar sukolashif ta jihar Gombe da ta tarayya, nasu ba a mayarwa, duk lokacin da suka buɗe ka jefa takardarka. Takardar shaidar ƙaramar hukuma za su nema, ka je sakatariya ka karɓo ta tun yanzu kafin layi ya yi tsawo.