Laftof a cikin lefe: amsar Gwaggo

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni tun daren Laraba. Na ƙi amsawa a tsaitsaye ne don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce yarinyar da za ka aura, wadda ke ajin ƙarshe a Kaduna Poly, ta roƙi a rage mata tufafi a sa mata kwamfuta a cikin lefe. Kai kuma kana tsoron kada danginta su ce ka zo da baƙon abu, ko namu su ce ta cika buri. Sannan ko da za a saya, ba ka san wace iri ba. To ka zo gidan sauƙi, don ni zan ja masu kai lefen, ni ce kuma na yi shekara talatin da ɗoriya ina buga takardun gwamnati, tun daga tafireta har zuwa wannan abin da kake tambaya a kai.

Lefe ba sadaki ba ne. Sadaki addini ya wajabta shi, lefe kuwa mutane suka ɗora wa kansu, shi ya sa kullum yake sauya kama. Sunan ma na wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a cikinsa ake zuba 'yan zannuwan amarya. A irinsa aka kai na kakarka. Nawa a fantimoti aka kawo shi, har maƙwabta suna leƙe. Na yaran yanzu saitin akwatuna ne masu taya, kuma na sha buɗe ƙaramin cikinsu in tarar da waya a kwalinta. Ranar da agogo ya shiga lefe ba wanda ya ce an karya al'ada, haka ranar da waya ta shiga. Abin da na ga bai sauya ba shi ne, lefe kayan amfanin amarya ne ita kanta, mallakinta. Gado da kujeru da tukwane kuwa kayan ɗaki ne, nauyin iyayenta.

Wannan rabon ma shi zai zaɓa maka irin kwamfutar. Akwai ta tebur, irin wadda muka yi aiki da ita a ofis: akwatin inji daban, allon kallo daban, kibod da maus daban, duk a jone da wayoyi. Tana da ƙarko, ga sauƙin gyara, in wani abu ya mutu a cikinta a cire a sa wani kamar yadda ake canja fulogin babur. Sai dai ba ta da batir. Nepa na ɗauke wuta za ta mutu da duk aikin da ba a adana ba, sai in an haɗa mata UPS, wato ɗan akwatin batir da ke riƙe ta na ɗan lokaci. Kuma ka ƙiyasta mu shiga gidan surukai a Unguwar Sanusi ɗauke da kwali uku kamar waɗanda mai haya ya tasa. Irin wannan, in za a saya, 'yar kayan ɗaki ce. Haka wadda aka cusa injinta a bayan allo, ita ma ta zaman tebur ce. Tablet ta yi kyau da karatu da kallo, amma wadda za ta buga furojet shafi sittin a kan gilashi za ta ji a yatsunta. Saura laftof. Tana shiga akwati, tana bin mai ita makaranta, batirinta na riƙe ta in an ɗauke wuta. Ita ce ta lefe.

Ga inda nake ji maka tsoro. Mu mata da ido da tafin hannu muke auna lefe. A murza atamfa a san ko Holan ce ko ta roba, a ɗaga leshi a ji nauyinsa. Wannan tunanin zai bi ka kasuwa, ka nemi siririya mai sheƙi don 'yan ganin lefe su yi guɗa. Ni an taɓa yi mini. Da na karɓi kuɗin sallamata na shiga wani shago a cikin gari na zaɓi wadda ta fi kyan fuska, mai shagon yana ta rantsuwa. Kwana uku na gane batirinta ba ya kai tsawon sallar magariba, kuma kafin ta buɗe shafi ɗaya na gama soya albasa. Na koma, ya ce ai kaya sun bar shago. Darajar kwamfuta a cikinta take, inda hannu ba ya murzawa, don haka bari in gaya maka abin da ke ciki.

Na farko firosesa, shi ne mai aikin, kamar mai girki a gidan biki. Za ka ga an manna Intel Core i3, i5 ko i7, ko kuma AMD Ryzen. 'Yan kasuwa sun san mutane i7 suke so su ji, sai su ɗauko ta shekara goma sha wani abu su ce ai i7 ce. Ka tambayi zubi na nawa ne, abin da suke kira janareshan. In an rubuta i5-8250U, wannan 8 ɗin da ke bayan ɗan layin shi ne zubi na takwas, na 2017. Irin wannan i5 ɗin ya fi yawancin i7 na laftof zubi na uku ƙarfi, duk da sunan. Kuma akwai dalilin da ya sa na ce kada ka sauka ƙasa da na takwas: kamfanin Microsoft, masu Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sun daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel ya fara karɓa, in ban da wasu 'yan ƙalilan. Masu gyara suna iya cusa shi a kan tsohuwa da dabara, amma ba zan so a fara wa amarya zama da dabara ba.

Sai abu biyu da kowa ke rikitawa, har ni a farkon aiki, wato RAM da ma'ajiya, don dukansu da giga ake auna su. Ma'ajiya rumbu ce, nan takardu da hotuna ke kwana, ko an kashe ko an kunna. RAM kuwa tabarma ce da ake baza hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. Ana kashe inji an naɗe ta, ba abin da ke saura a kai. In tabarmar ƙarama ce, mai girkin komai ƙwarewarta sai ta yi ta zarya tsakanin rumbu da murhu, wannan zaryar ce kake gani in kwamfuta ta tsaya tana tunani. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 ke nema, amma da kyar yake numfashi a ciki. Ka nemi 8. In mai shago ya ce ana iya ƙarawa daga baya, ya buɗe ya nuna maka ramin, don a wasu siraran an narke RAM ɗin a jikin bod, wato babban farantin da kayan cikin injin ke manne a kai, ba ya fita ba ya ƙaruwa.

Rumbun shi ma iri biyu ne. Tsohon yayi, had-dis, faifai ne a ciki yana juyawa dubban sau a minti, da ɗan hannu yana karanta shi kamar garmaho. In laftof ta faɗi yana cikin juyawa, ana iya asarar komai. Sabon yayi, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, ga sauri ninkin ba ninkin. Gara SSD mai giga 256 da had-dis mai giga 500, kada babbar lamba ta ruɗe ka. In na tuna a kan fulofi mai mega 1.44 muke adana wasiƙun wata guda, wanda yau hoton waya ɗaya mai kyau ba zai shiga ba, sai in yi dariya ni kaɗai.

Bod ɗin, wato madabod, tsakar gida ce, kowane ɗaki a nan ƙofarsa take. In ta ƙone kuɗin gyara kan kusa kuɗin wata, kuma cikin abubuwan da ke ƙona ta akwai jabun caja da ruwan shayi. Ka tabbata cajar ta asali ce. Fankar da ke sanyaya injin kuma ƙurar hunturun Kaduna ce maƙiyiyarta. A riƙa kaiwa ana hure ta, kuma ka gaya wa yarinyar kada ta riƙa ɗora ta a kan katifa, don ta ƙasa da gefe take shan iska.

Na san aljihunka, ta hannu za ka saya, wadda suke ce wa tokumbo. Ba abin kunya ba ne. HP ko Dell ko Lenovo irin na ofisoshin Turai sukan fi sabuwa mai arha ƙarko, kuma kayan gyaransu ba sa wuya a garin nan. Amma ka je da wanda ya sani, kamar yadda babanka ba ya sayen ragon layya sai da mai duba haƙori. Ku sa a cire caja ku zauna rabin awa ku ga yadda batir ke sauka. Ku buɗe farin shafi ku duba allo ko da tabo. Ku danna kowane harafi na kibod, ku soka filas a kowace kafa, ku gwada kyamara da Wi-Fi, ku buɗe murfin ku rufe ku ji ko gwiwarsa ta saki. In ka ga an rubuta Chromebook, ga kyau ga arha, ka wuce, ba Windows ke cikinta ba, kuma yawancin manhajojin da za a nema a makarantarsu na Windows ne. A rubuta rasit da sunanta, da lambar jikin injin, da kwanakin da aka yarda a dawo da kaya in matsala ta fito.

Da sunanta na ce, kuma da gangan na faɗa. Abin da ya shiga lefe ya fita daga hannunka. Kada bayan biki in ji ka ɗauke ta ka tafi da ita wurin aiki, ko kana kallon ƙwallo a kai ita tana jiran ta buga aikinta. Gyalenta ba ka ara, to wannan ma sai ta ba ka.

Batun rage tufafi kuwa, a rage amma da hankali. Leshi mai nauyi da takalma da jakunkunan da ba za ta taɓa sa su ba, a nan za mu yanka. Atamfofin yau da gobe da mayafai ka bar su yadda suke, don in akwati ya zo da dama-dama ba za a ce an sayi kwamfuta ba, cewa za a yi an yi rowa. Ni zan kira mahaifiyarta kafin ranar, ta ji daga bakina cewa 'yarta ce ta nema kuma mun ga dacewarsa, don kada a buɗe akwati a gaban jama'a wata gwaggon ta yi mana fassarar da ba mu yi nufi ba. Ranar kaiwa zan ɗaga ta a kwalinta a gani, a ƙirga ta cikin kaya, sannan in miƙa wa uwar ta kulle a ɗakinta. Ka san lefe kan kwana biyu uku a buɗe, mata na shiga da yara a goye da a hannu, kuma caja ita ce ɗan kunnen wannan zamani, ita ke fara ɓata.

Ka zo ranar Asabar bayan la'asar da takardar lissafin kayan mu zauna a kai. In ka riga ka ga wata da ta kwanta maka, ka ɗauko mini hoton lambar firosesan kafin ka ba da ko sisi. Ka gaida mamanka, ka ce mata turaren wutan da ta aiko ya iso.

Gwaggonka,
daga Tudun Wada.