Macen Zakara, da Wanda Ake Yi wa Dariya

Wata malamar makaranta daga unguwar Yelwa a Garwa ce ta buɗe mana filin yau. Ta rubuto cewa: "Malam, barka da war haka. Mun kalli wani fim na Faransa ni da yarana. An dakatar da 'yan ƙwallon wani ƙaramin gari gaba ɗaya saboda sun ba hamata iska a fili, sai kocin ya tattara matan garin su ƙarasa musu gasar, aka bar mazan da raino da wanke-wanke. Autata ta tambaye ni me ake ce wa irin wannan fim da Hausa. Na ce na barkwanci, babansu ya ce na ban dariya, kakarsu ta ce na shashanci. Wa ya fi gaskiya?"

Malama, kaka dai ba a musu da ita, sai mu bar mata nata. Tsakaninki da maigida kuwa, kowa ya kama wani gefe na gaskiya, amma kalmomin biyu ba tagwaye ba ne.

"Ban" da ke cikin ban dariya daga bayarwa yake, shi ne dai na ban tsoro, ban haushi, ban kwana da ban ruwa. Abin ban dariya shi ne duk abin da ya ba ka dariya, da gangan ko ba da gangan ba. Mai babur ya zame a taɓo ya tashi da hula a karkace, abin ban dariya ne, amma ba wanda zai ce barkwanci ya yi, shi da ke neman mai ɗaga masa babur. Barkwanci sai da niyya, sai da iya magana, sannan sai da abokin yi. Ki shiga babbar kasuwar Garwa ki tsaya inda Bafulatani da Babarbare suka haɗu, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ana ciniki ana sheƙa dariya. Haka Kanawa da Zagezagi, haka taubasai, haka kakar nan taku in ta kira jikanta namiji "maigidana" ta kira macen "kishiyata". Wannan wasa yana da doka biyu da ba a rubuta ba: ba a fushi, kuma wanda aka taɓa yana da damar ramawa. Ta biyun ce ta fi muhimmanci a wurina.

In aka cire ramuwa, an bar barkwanci an shiga ba'a. Ba'a hanya ɗaya take bi, daga mai jin ya fi zuwa wanda ya raina. Izgili ya fi ta nauyi, don shi har da wulaƙanci a ciki. Zolaya da tsokana 'yan ƙanana ne, a taɓa ka don a ga yadda za ka yi. Raha kuwa, wadda muka aro daga Larabci inda take nufin hutu, hira ce mai daɗi da ba lallai a taɓa kowa a cikinta ba.

Na ga bambancin nan da idona wata la'asar, a wani fili mai yashi can wajen Rumde Ajiya. 'Yan mata ne ke ƙwallo, har da jikata, sun ɗaure hijabi a ƙugu, sun jera silifa biyu a madadin raga. Wani mai shayi a bakin filin yana fifita gawayi da kwali, ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ku koma gida ku hura wa iyayenku wuta!" Mai tsaron gidansu, wata siririya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Baba, ai kai ka riga mu." Mazauna bencinsa suka tuntsire, shi ma ya dara har ya ajiye kwalin. Da yarinyar ta sunkuyar da kai ta yi shiru, da ba'a ya yi mata. Da ta rama, shi kuma ya karɓa, sai maganar ta koma barkwanci.

Da wannan ma'auni nake auna finafinan. Kusan dukansu da ba'a suke farawa: mace ta kai wa ƙwallo shuri, takalmin ya fi ƙwallon nisa, maza na bakin fili suna riƙe ciki. Sai ki jira ki ga inda dariyar za ta kwana. Akwai wani na Amurka da ya fito a 1992, a kan gasar mata ta wasan ƙwallo da kulki da aka kafa a 1943 lokacin da maza suka tafi yaƙin duniya na biyu, wadda ta ci gaba har 1954. A gaske an tilasta wa matan nan yin wasa da gajeren siket, an kuma tura su koyon kwalliya da rangwaɗa. Mai kallo yana fara dariya a kan matan, kafin ya farga ya koma yi wa masu kafa dokar. Da wasa ake faɗa wa wawa magana. To irin wannan ki ce masa fim ɗin barkwanci, bakinki ɗaya. Wanda kuwa aka tashi matan ba su rama ba, ban dariya dai ya bayar ga wanda ya ba, sai ki bar wa maigida kalmarsa.

Tambaya ta biyu daga Marwa take, daga wani ɗalibi: "Baba Malam, namijin da ya ci gasa zakara ne. To mace fa? Abokaina sun ce kaza, wani kuma ya ce zakanya."

Ɗana, abokanka zolayarka suke yi. Kaza a bakin Bahaushe ba ta yabo ba ce, ita ce mai tone-tone har ta tono wuƙar yankanta. Ka gwada gaya wa wadda ta ɗauko kofi cewa ta zama kaza, ka ga ko za ka sha ruwa a gidansu.

Mai cewa zakanya shi ma kunne ne ya ruɗe shi. Zakanya macen zaki ce, ba ta da dangantaka da zakara. Ka faɗe su a hankali ka ji: "za" na zaki da zakanya ana jan sa, na zakara kuwa gajere ne. Masana da yawa suna danganta zakara da kalmar Larabci mai nufin namiji, kuma in haka ne ka ga dalilin da ya sa ta ƙi karɓar ɗafin mace. Sauran kalmomin ba su yi wannan taurin kai ba. Gwarzo ya ba mu gwarzuwa, jarumi jaruma, tauraro tauraruwa, gwani gwana.

Amma ni ban ga laifin a ce "ta zama zakara" ba, kuma haka za ka ji a gidajen rediyo. Tun da kalmar ta bar akurki ta koma sunan matsayi, ta shiga sahun likita da soja da shugaba, waɗanda "ya" ko "ta" ne kawai ke nuna maka ko wane ne. Françoise Mbango 'yar Kamaru ta ci zinare a tsalle mai taku uku a gasar Olamfik ta Atan a 2004, ta sake ci a Bejin a 2008 da tsallen mita 15.39. In ba a kira wannan zakara ba, wa za a kira? In kana son ka ƙara mata da gwarzuwa, ka ƙara, ba a rowar kirari.

Ga wani abu da zai ba ka aiki in kana fassara daga Faransanci. Ƙungiyar maza ta Kamaru Lions Indomptables ce, ta mata Lionnes Indomptables. Faransanci ya raba su ko a jam'i, Hausa kuwa ba ta raba jinsi a jam'i. Zaki da zakanya in sun yi yawa duk zakuna ne, ko zakoki. Dole ka ce zakuna mata. Rabin sunan na biyu kuma kada ka wahalar da kanka da "waɗanda ba a iya horarwa", kamar kana maganar jaki. Muna da gagara: gagarau, gagara-gasa, gagarabadau. Zakuna mata gagara-gasa, ka ji ya zauna. Sun kuwa ci sunan a gasar kofin duniya ta mata a 2015 a Kanada, ranar da suka zuba wa Ekwado shida ba ko ɗaya, Gaëlle Enganamouit ta ci uku ita kaɗai, har suka kai zagayen 'yan 16 a zuwansu na farko. Wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a Yawunde a 2016, wanda Najeriya ta ci Kamaru ɗaya da nema, shi ba na son tunawa. A gidana rabin masu kallo dangin Yola ne, kuma sun yi amfani da damarsu ta barkwanci har ta wuce kima.

Ta uku wata budurwa ce daga Kusiri, mai buga ƙwallon hannu, wadda ta ce takan haye gada zuwa Njamena yin wasa. "Malam, kawuna ya ce mini 'mace mai kamar maza, kwari ne babu'. Gwaggona kuma ta ce na zama kallabi tsakanin rawuna. Yabo ne ko habaici?"

'Yata, fara da gyara harafin, don a saƙonki ƙ mai lanƙwasa kika sa a wuri ɗaya. Ba ƙwari ba ne na su sauro da kiyashi, ba kuma kwarin da ruwa ke kwanciya ba. Kwari ne na kwari da baka, gidan kibau da maharbi ko mayaƙi ke ratayawa. Ma'anar ita ce kin kai maza a zuciya da juriya, kayan yaƙi ne kawai ba a rataya miki ba. Kirari ne, na gidan su Amina ta Zazzau, wadda har yau ake jingina wa tsofaffin ganuwoyi sunanta. Kawunki yabonki ya yi.

Sai dai yabo ne da mudun aro. An auna ki da namiji, aka ce kin kusa cika. Ban ce ki mayar masa da kirarinsa ba, kyauta ce daga babba, ki karɓa da hannu biyu. Amma a zamanin da aka yi maganar, filin da ake gwada jarumta filin daga ne, kuma maza ke zuwa. Ke filinki na mata ne, da 'yan'uwanki mata kike karawa, ba ki rasa wani kwari ba. Kar kuma ki ɗauka rashin iyawa ne ya daɗe yana hana mata fili. A Ingila, a Disambar 1920, mutum wajen 53,000 suka cika filin Goodison Park don kallon ƙwallon mata. Shekara na zagayowa hukumar ƙwallon ƙasar ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, hanin da ya kai shekara hamsin. Da suna ba da dariya kawai, da an bar su.

Maganar gwaggo kuwa ba ta hau kanki daidai ba. Kallabi na mace ne, rawani na maza masu sarauta ko malanta, don haka kallabi tsakanin rawuna mace ɗaya ce tak a cikin taron manyan maza, tana yin abin da suke yi. Ke da ke cikin ƙungiyar mata zalla, kallabi ce tsakanin kallabai. Wadda maganar ta dace da ita sak ita ce Salima Mukansanga 'yar Ruwanda, da ta busa wasan Zimbabuwe da Gini a Yawunde a Janairun 2022, mace ta farko da ta yi alƙalancin wasa a kofin Afirka na maza: maza ashirin da biyu a fili, usur a bakinta. Ko gwaggo yabo take nufi ko tana nufin kin yi zaƙewa, wannan ba a kalmomin yake ba, a muryarta yake, ke kika ji ta. In da murmushi ta faɗa, ki ce mata rawunan ba su iso ba tukuna.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani tela a Ngawundare: "Malam, me ya haɗa taka leda da ledar zuba kaya?" Malam tela, uwa ɗaya ce ta haife su. Leda daga kalmar Ingilishi mai nufin jemammiyar fata take. Ƙwallon zamanin da, da fata ake ɗinka ta, shi ya sa gwanin ƙwallo ya zama mai taka leda. Daga baya sunan ya zame ya hau kan robar shimfiɗa a ɗaki da jakar roba ta cefane, ya yi tafiya har Njamena, inda ko masu Larabcin Chadi leda suke ce mata. Yaran unguwarku da ke cusa ledoji cikin leda su ɗaure da tsumma su buga, su ne kaɗai ke taka ta ta fuska biyu.