Amsa ga ɗan'uwan da aka yi wa kuskuren suna a lasin tuƙi da famit ɗin bindiga

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare ina kan hanya, sai yanzu na samu zama. In na fahimce ka daidai, kana jihar Teksas a Amurka, a girin kad ɗinka, wato katin izinin zama na dindindin, an rubuta Mohammed amma a lasin tuƙi ya fito Mohammad, sannan da katin famit ɗin ƙaramar bindigarka ya iso ta gidan waya shi ma ya biyo na lasin, kana tambaya ko ka bar shi sai lokacin sabuntawa tunda harafi ɗaya ne, ko kuma sai ka je kotu. Malam kar ka bar shi. Kuma in dai abin yadda ka faɗa ne ba ruwanka da kotu.

Ni abin da ya same ni ya ma fi naka muni. Sunana irin sunayen nan ne masu farawa da Abdul, a fasfo da girin kad a haɗe yake kalma ɗaya, to lokacin da na zo sabo a jihar da na fara zama wani ɗan'uwa ya taimaka min da cike-ciken takardu, Allah Ya saka masa da alheri da niyya mai kyau ya yi, sai ya raba sunan biyu, Abdul ya zama sunan farko, ragowar ya koma sunan tsakiya, ni kuma na sa hannu ban karanta ba saboda a lokacin duk hankalina yana kan in samu in fara aiki. Haka katin soshal sikiriti, mai lambar da ake aiki da biyan haraji da ita, ya fito, haka lasin ya fito, daga baya da na nemi famit shi ma ya ɗauko daga lasin. Shekaru ina yawo da su ba wanda ya ce min uffan, har na ɗauka ba komai ba ne. Sai da na dawo Teksas na je canza lasin, matar ta duba girin kad ta duba katin soshal ta ce waɗannan ba su dace da juna ba, ba za ta iya ci gaba ba. Na yi bayani har na gaji, amma gaskiya ita ce da gaskiya, kwamfutar da take tambaya ba ta san Abdul kaza suna ɗaya ba ne. Wata uku ya ɗauke ni kafin komai ya daidaita, kuma rabin wannan lokacin ni na ɓata shi da kaina saboda na fara daga inda bai kamata ba.

To abin da na koya shi ne takardun nan kamar tsani suke, kowacce a kan wata ta taka. Famit a kan lasin yake, lasin a kan soshal sikiriti da takardar shige da fice yake, ita kuma takardar shige da fice daga fasfo ta samo. In ka gyara na sama ka bar na ƙasa, kuskuren zai dawo ranar sabuntawa. Don haka yau ɗin nan ka shimfiɗa su duka a kan tebur, fasfo, girin kad ko satifiket ɗin zama ɗan ƙasa, katin soshal, lasin, famit, ka bi su harafi harafi da yatsa, kar ka karanta da ka don ido yana gyara maka abin da ka saba gani. Ka duba jerin sunayen ma, wanne aka sa a farko wanne a ƙarshe, don mu namu tsarin sunanka ne sai na mahaifinka wani lokaci har da na gari ko na kaka, su kuma gida uku suka tanada a fom, a wajen cusa namu cikin nasu ake yawan samun ɓarna. Masu suna irin su Sa'idu da Isma'il da Mu'azu ku ma ku duba, alamar nan ta tsakiya wani sistem ɗin yana cire ta, wani ya sa fili a wurinta sai suna ya rabu biyu. Ɗ da ƙ kuwa dama ba su da su, D da K za ka gani, wannan ba matsala ba ce in dai ko'ina haka ne.

Inda ka fara ganin kuskuren daga ƙasa, nan za ka fara. In girin kad ne da kansa, fom I-90 ake cikewa, kuma in hukumar shige da fice ce ta yi kuskuren ba a biyan kuɗi, sai dai ka mayar musu da katin. In satifiket ɗin zama ɗan ƙasa ne, N-565. In katin soshal ne, fom SS-5, kyauta ne, ka je da orijina don ba sa karɓar hoton kwafi. Ni nan na fara a ƙarshe bayan na sha zirga-zirga, kuma bayan sun gyara ka ba shi kwana biyu kafin ka tafi ofishin lasin saboda sai bayanin ya shiga sistem. In kuwa fasfon Najeriya ne ya zo da matsalar wannan doguwar hanya ce daban, tunda yanzu a ɗaure yake da NIN, sai ka tuntuɓi ofishin jakadanci na Washintan ko ƙananan ofisoshin Atlanta da Niyu Yok. Amma kai yadda ka bayyana, girin kad ɗinka lafiya lau, ko dai katin soshal ko lasin ne ya karkace.

Sa'arka ɗaya a Teksas hukuma ɗaya ce, DPS, wato hukumar tsaron jama'a ta jihar, ke ba da lasin tuƙi da famit ɗin da suke kira LTC, sai dai sashe daban-daban ne, kar ka ɗauka in an gyara ɗaya ɗayan zai gyaru da kansa. Gyaran suna a lasin da ƙafarka za ka je, ba a yi ta intanet, ka nemi afoyinmen tun yanzu don a manyan birane irin Hiyuston da Dalas yana nisa, in ka ga babu kusa ka duba ƙananan garuruwan gefe, ni haka na yi na samu cikin sati. Kuɗin sake kati dala 11 ne. Za su ba ka takardar wucin gadi kafin katin ya zo, dan Allah kafin ka tashi daga gaban teburin ka karanta ta sau biyu, a nan take gyara minti ɗaya ne, in ka fita kuwa sai sabon layi. Bayan lasin ya fito daidai sai ka nemi sabon katin LTC da sunan da aka gyara, dala 25 ake biya na sake kati, ka tura da kwafin sabon lasin. Dokar jihar ta ba da kwana 30 a sanar da su in suna ko adireshi ya canza, naka ba canji ba ne kuskure ne, amma ni da ni ne da wannan wa'adin zan yi aiki don kar a ce ka sani ka yi shiru. Ka ajiye kowane rasit da kowane imel.

Kotu kuwa tana shigowa ne in kai ne kake son sauya sunan da ke kan takardunka na tushe, misali fasfo ya ce Mohammed kai kuma kana son Muhammad saboda shi ne daidai a wurinka. Na san yana da ciwo, ni ma rubutun da ke fasfona ba shi nake so ba, amma shawarata ka bi abin da ke girin kad yanzu, in lokacin neman zama ɗan ƙasa ya yi akwai wurin neman canjin suna a fom N-400, sai ka yi shi sau ɗaya ka bi sauran takardun.

Yanzu dalilin da ya sa na ce kar ka jira. Lasin Teksas yana kai shekara 8, kaga jira ba ƙarami ba ne. Tun 7 ga Mayu 2025 aka fara tilasta dokar REAL ID, lasin mai tauraro ake nema a filin jirgi in da shi za ka shiga, kuma sunan tikiti sai ya dace da na katin. Sannan duk ranar da za ka sayi bindiga a shago mai lasisi za ka cike fom 4473, kana sa hannu ne a kan cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, ƙarya a wannan fom babban laifi ne na tarayya, to wane sunan za ka rubuta, na lasin ko na girin kad? Mai shago in ya ga sun saɓa yana da damar ya ce ba zai sayar ba. Ga kuma binciken NICS da FBI ke yi wa mai sayen bindiga, da suna da ranar haihuwa yake aiki, mu kuma sunayenmu suna kama da na dubban mutane, dama can ana iya jinkirta mutum, ina ga an ƙara da rubutu biyu. Wanda ake yawan jinkirtawa akwai lamba da FBI ke bayarwa mai suna UPIN, tana taimakawa.

Amma abin da ya fi damuna wallahi shi ne bakin titi da daddare. Na san wani zai ce ai tun Satumba 2021 a Teksas mai shekara 21 da doka ba ta hana ba yana iya ɗaukar bindiga ba famit. Haka ne. Sai dai kai mai famit ne, in ɗan sanda ya nemi shaidarka kana ɗauke da ita, lasin da famit ɗin duka ake so ka miƙa, kai baƙar fata, musulmi, harshenka ya nuna baƙo ne, ba lokacin da za ka tsaya bayanin harafi ba ne. Philando Castile, baƙar fatan da ɗan sanda ya harbe a jihar Minesota a Yulin 2016, yana da famit, kuma shi da bakinsa ya faɗa wa ɗan sandan yana da bindiga a motar, ba maganar suna ba ce tasa amma tun daga ranar ban sake ɗaukar tsayarwar hanya da wasa ba. Ni a wata ukun nan nawa a akwatin ƙarfe na kulle tawa a gida, ban fita da ita ko sau ɗaya ba, kuma abin da zan ce ka yi kenan, balle in kana tsallaka jiha, don a wasu jihohin famit ɗin ne kaɗai abin da zai tsaya maka, shi ma ba kowace jiha ke karɓarsa ba.

Ga 'yan'uwa masu bizar karatu ko ta ziyara da ke karantawa, wannan bayanin na masu girin kad da 'yan ƙasa ne, ku dokar tarayya ta hana ku mallakar bindiga sai a 'yan keɓantattun yanayi, ku ga lauyan shige da fice kafin ku taɓa. Kai kuma malam ka duba katin soshal ɗinka yau ka faɗa mana wane rubutun ne a kai, Mohammed ko Mohammad, daga nan za mu san ofishin da za ka fara zuwa. Kar ka sa hoton katin a nan dai, rubutun kawai ya isa.